Zubin wata-wata: yadda ɗan kuɗi ke zama jari

1. Ƙasar noma da kasuwa

Gundumar Magarya da gundumar Dungas suna kudancin jihar Damagaram, a bakin iyaka da Nijeriya. Da can gunduma ɗaya ce. A shekarar 2011 aka fitar da Dungas daga cikin Magarya, ta zama gunduma mai zaman kanta. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gonaki kuma ba su da faɗi. Ana noma gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi. A fadamun Bande da Waca ana noma rake da kayan lambu. Da wuya a shiga gida ba a ga akuya ko tunkiya a turke ba.

Manomi sau ɗaya yake ganin babban kuɗi a shekara, wato da kaka. Kafin bazara ta ƙare, kuɗin sun tafi wajen biki, tufafi da magani. Sauran watanni sai ƴan ƙananan kuɗi ke shigowa: kuɗin ƙwai, kuɗin ƙuli-ƙuli, kuɗin ciyawa ko na kirare, ladan aike, goron salla. Irin waɗannan kuɗi ba su daɗewa a hannu. Yau alawa, gobe tsire, jibi babu ko tamma.

Amma Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Wanda ya iya cire dala ɗari kowane wata, bai fasa ba, ya kuma san inda zai sa ta, wata rana zai zama mai jari.

A ƙidayar kuɗin sefa, tamma 5 ita ce dala. Dala ashirin tamma 100 ce, dala ɗari tamma 500. Dala ɗari biyu ita ce jikka, wato tamma 1.000.

2. Ajiya dabam, jari dabam

Ajiya ita ce a ɓoye kuɗi don wata rana. Kuɗin ajiya suna kwance. Yadda aka zuba su, haka za a same su. Jari kuwa kuɗi ne da aka sa cikin wani abu mai kawo ƙari: kaza mai ƙwai, akuya mai haihuwa, wake da aka saya da araha, ko sana'ar mai da ƙuli-ƙuli. Kuɗin jari suna aiki. Kuɗin da aka fara da su ana kiransu uwar kuɗi, abin da ya hau kansu shi ne riba.

Yaron da ke ajiye tamma 500 kowane wata zai tara jikka 6 a shekara. A shekara biyar zai tara jikka 30. Wannan ajiya ce, kuma abu ne mai kyau. Sai da ajiya ake samun jari. Amma wanda ya tsaya nan, rabin hanya ya yi.

Jari yana da nasa haɗari. Kaza tana mutuwa, kasuwa tana faɗuwa. Shi ya sa mai hankali yake riƙe biyun duka: ɗan abin da ke kwance don ranar ciwo, da sauran da ke aiki don gobe.

3. Kuɗin da ke kwance

Asusu shi ne bankin yaro na farko. Ɗan ƙaramin tulu ne na yumɓu mai tsaga guda. Kuɗi suna shiga, ba su fita sai an fasa shi. Manya kuma suna ɗaure nasu a tsumma, ko su binne a tukunya. Irin wannan ajiya tana da abokan gaba: ɓarawo, gobara, gara mai cin takarda. Akwai kuma wasu biyu da ido ba ya gani.

Na farko shi ne tsada. Abin da dala ɗari ke saye bana, baɗi ba lalle ta saye shi ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kafin ranar, tamma 50 ta sefa ke canja tamma guda ta Faransa. Washegari sai da tamma 100. Kayan waje, kamar magani da taki, suka yi tsada. Wanda ya ɓoye jikka 10 ya buɗe tsummansa ya ga jikka 10, amma ba su kai ƙarfin jiya ba.

Mutanen Magarya da Dungas sun san wannan fiye da kowa, don suna ciniki da kuɗi iri biyu. Suna zuwa kasuwannin Maigatari da Ɓaɓura, kuma a ƙauyukan bakin iyaka naira tana yawo kamar sefa. A shekarar 1980 naira guda ta fi dala ashirin. A shekarar 2024 naira guda ba ta kai tamma ɗaya ba. Wanda ya binne naira shekara da shekaru, takardun banza ya tono.

Na biyu shi ne canjin kuɗi. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Nijeriya ta canja launin takardun naira, ta rufe iyakokinta, ta ba da ƴan kwanaki a kai tsofaffi banki. Mutane da yawa na wannan gefen iyaka ba su sami canja nasu ba. A shekarar 2004 kuma babban bankin ƙasashen sefa, wato BCEAO, ya janye tsofaffin takardun sefa ya kawo sababbi. Wanda bai ji sanarwa ba, ko ya manta inda ya ɓoye nasa, ya yi asara.

Saboda haka asusu wurin tarawa ne na ƴan watanni. In kuɗi sun kai su sayi abu mai amfani, sai a fasa.

4. Adashe da akwatin mata

Adashe tsohuwar dabara ce. A ce mata goma sun haɗu, kowace tana zuba tamma 500 a wata wajen uwar adashe. Kowane wata mace ɗaya za ta kwashi jikka 5. Bayan wata goma kowa ta zuba jikka 5, kowa ta ɗauki jikka 5. Adashe ba ya ƙara ko tamma. To, mene ne amfaninsa? Amfani biyu gare shi. Yana tilasta wa mutum zubi, don kunyar ƴan uwa ba ta barinsa ya fasa. Yana kuma mai da ɓarɓashi dunƙule. Tamma 500 ba ta sayen komai na kirki, jikka 5 kuwa tana sayen kaji ko gyaɗar matsa mai. Matar da ta yi kwasar fari, in ta sa kuɗin a sana'a, ta sami jari wata tara kafin ta gama biya.

A shekarar 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE tare da matan karkara suka gyara adashe, suka fito da sabon tsari mai suna Mata Masu Dubara. Daga Maraɗi ya bazu zuwa Damagaram da sauran jihohin Nijar, har ya ƙetare zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Dabara ce da ta tashi daga ƙasar Hausa, duniya ta koya.

Ga yadda ake yinsa. Mata kamar ashirin zuwa talatin, waɗanda suka san juna, suna kafa ƙungiya. Suna zaɓen shugaba, da ma'ajiya, da masu ƙidaya. Kowane mako suna taruwa, kowa ta zuba abin da aka yarda a kai. Ana sa kuɗin cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Mabuɗan suna hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai gaban kowa. Ana ƙidaya da babbar murya, don wadda ba ta iya karatu ba ita ma ta zama shaida.

Bambancinsa da adashe shi ne, kuɗin akwati ba su kwanciya. Mace tana karɓar rancen jikka 5, ta sayi gyaɗa, ta matsa mai, ta soya ƙuli-ƙuli, ta sayar. Bayan wata guda ta maido da jikka 5 tare da ɗan ƙarin da ƙungiya ta tsayar. Ƙarin ba ya zuwa aljihun wani baƙo, cikin akwati yake komawa. In shekara ta zagayo, sai a fasa akwati a raba, kowa gwargwadon zubinta. Yawanci akwai kuma ɗan asusun taimako, don rashin lafiya ko rasuwa.

Addinin Musulunci ya hana kuɗin ruwa a kan rance. Don haka akwai ƙungiyoyin da ba su karɓar ƙari. Su sai su sayi hatsi ko dabba da kuɗin akwati, su sayar, su raba ribar ciniki.

5. Jari mai ƙafafu

A karkara kiwo shi ne jarin da kowa ya sani. Kamar tsani yake, ana hawansa taki-taki.

Takin farko kaza ce. Zubin ƴan watanni ya isa sayen budurwar kaza. Tana kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Ba duka ƴan tsaki ke rayuwa ba: shaho yana ɗauka, muzuru yana kamawa, annobar kaji kuma tana zuwa da ɗari ta share gari. Mai tattali yana yi wa kajinsa akurki, yana kai su rigakafi kafin sanyi. Kuɗin rigakafi kaɗan ne in an gwada da kuɗin kaza.

Taki na biyu akuya ce. In kaji sun yi yawa, sai a sayar da zakaru, a haɗa da zubin wata-wata, a sayi ƴar akuya. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna wajen haifar tagwaye, ga nono, ga fata mai daraja. Mai akuya yana barin matan su yi ta haihuwa, yana sayar da bunsuru in buƙata ta taso. Ta haka uwar kuɗi ba ta taɓuwa.

Taki na uku kiwon turke ne. Ana sayen ramammen rago wata huɗu ko biyar kafin Layya, a ɗaure shi a inuwa, a ba shi harawa, dusa, kanwa da ruwa mai tsabta. In ya yi ƙiba sai a kai shi kasuwa. Dabbobin wannan yanki da yawa suna ƙetarawa Maigatari, inda babbar kasuwar dabbobi ke ci ranar Alhamis.

A nan ne masu koyo suka fi yin kuskuren lissafi. Ga misali, ko da yake farashi yana canjawa daga shekara zuwa shekara. Wani saurayi ya sayi rago jikka 30, ya sayar jikka 60. Sai ya ce ya ci ribar jikka 30. Ba haka ba ne. Harawa da dusa sun ci jikka 15. Magani ya ci jikka 1. La'adar dillali da kuɗin kasuwa sun ci jikka 1. Jimillar abin da ya kashe jikka 47 ke nan. Ribarsa ta gaskiya jikka 13 ce. Da ya tanadi harawar gonarsu tun da kaka, bai saya da tsada a bazara ba, da ribar ta fi haka. Da kuma ragon ya mutu, da jikka 47 sun tafi gaba ɗaya. Shi ya sa ba a sayen dabba sai da idon wanda ya san dabba, ba a kuma ƙin kai ta rigakafi in ma'aikatan kiwo sun zo gari.

6. Jari a buhu, jari a gona

Da kaka kowa yana buƙatar kuɗi, kowa yana kai amfanin gona kasuwa. Kaya sun yi yawa, sai su yi araha. Da bazara da farkon damina rumbuna sun yi ƙasa, ga neman iri, sai kaya su yi tsada. Wanda ya tara zubinsa na shekara yana iya sayen wake da kaka, ya ajiye, ya sayar bayan wata biyar ko shida.

A ce tiyar wake tamma 500 ce da kaka. Jikka 6 za ta sayi tiya 12. In tiya ta kai tamma 800 da bazara, tiya 12 za ta ba da tamma 9.600. Sai a cire kuɗin buhu da na dako, abin da ya rage bisa jikka 6 shi ne riba.

Babban abokin gaban wake shi ne ƙwaro. Cikin ƴan watanni yana iya mai da buhu gari. Wajen ƙarshen shekarun 2000 aka kawo buhu mai ciki uku, wanda ake kira PICS: leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje. In an ɗaure kowane da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da an zuba magani ba. Sharaɗi shi ne wake ya bushe sarai, kuma kada a yi ta buɗewa.

Tsadar bazara ba alkawari ba ce. Waken wannan yanki Nijeriya yake tafiya da yawa. Nijeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, an sake rufe ta daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024. In hanya ta toshe, ko naira ta faɗi, masu saye sukan ragu, mai kaya ya rasa ribar da ya sa rai.

Akwai wani jari kuma da ba ya cin ko tamma, sai haƙuri. Shi ne itacen gawo. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Da rani yana fitar da ƴaƴa, dabbobi suna ci, ana kuma sayarwa a kasuwa. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Magarya, Matamaye da Mirya suka riƙa barin ƴan itatuwa da ke tsirowa a gona, suna yi musu aski maimakon sarewa. Ana kiran wannan sassaben zamani. Yau gonakin yankin cike suke da gawo, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa gani. Yaron da ya rena gawo goma a gayaunarsa, ya yi wa tumakinsa na gobe tanadin abinci.

7. Banki da gidajen ajiya

In kuɗi sun fi ƙarfin asusu, akwai banki da ƙananan gidajen ajiya da rance. Ana buɗe wa mutum littafin ajiya, a rubuta abin da ya zuba da abin da ya cira. Gara ba ta ci, gobara ba ta ƙonewa. A ƙasashe takwas masu amfani da sefar BCEAO, ƙarin da aka tsayar wa littafin ajiya shi ne kashi 3 da rabi cikin 100 a shekara. Jikka 10 za ta kawo tamma 350 ke nan. Ƙarin kaɗan ne, kuma wanda ke gudun kuɗin ruwa yana iya neman ajiyar da ba ta da shi. Ana kuma iya ajiye kuɗi cikin wayar salula, amma su ma a kwance suke, kuma akwai ladan cirewa.

Banki ma yana iya faɗuwa. BDRN, wanda ya kasance babban bankin raya ƙasa na Nijar, ya rushe a shekarar 1990. Don haka kafin a miƙa kuɗi sai a tambaya: gidan nan yana da izinin hukuma? Nawa ne ladan buɗe littafi? Nawa ake cirewa a wata? In ladan ya fi ƙarin, mai ƙaramin zubi raguwa zai yi.

8. Riba mai haihuwa

Akuya tana haihuwa, ƴarta ma in ta girma tana haihuwa. Haka riba take in ba a cinye ta ba. A ce wata yarinya tana zuba tamma 500 kowane wata. Ƙarshen kowace shekara tana sa abin da ta tara cikin sana'a. A ce kuma kowace jikka 10 tana kawo mata jikka 1 a shekara, tana mai da ribar cikin jari. Ga abin da za ta samu:

Ƙarshen shekara ta 1: tamma 6.000
Ƙarshen shekara ta 2: 6.000 + 600 + 6.000 = 12.600
Ƙarshen shekara ta 3: 12.600 + 1.260 + 6.000 = 19.860
Ƙarshen shekara ta 4: 19.860 + 1.986 + 6.000 = 27.846
Ƙarshen shekara ta 5: 27.846 + 2.784 + 6.000 = 36.630

Da a asusu ta bar su, jikka 30 za ta samu. Ga shi ta sami ƙarin tamma 6.630, fiye da zubin shekara guda. In ta ci gaba har shekara goma, za ta wuce jikka 95, alhali jikka 60 ta zuba daga aljihunta. A shekarun farko ribar ba ta da yawa, har mutum ya ce wahalar banza ce. Daga baya ne take kauri. Shi ya sa wanda ya fara tun yana yaro ya fi wanda ya jira sai ya sami babban kuɗi.

Wannan lissafin allo ne. A zahiri akwai shekarar riba, akwai shekarar asara.

9. Hattara

Kada a ɗora jari duka a kan abu ɗaya. Dattawan Magarya suna tuna zamanin gyaɗa. A shekarun 1960 gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke sayarwa waje, Magarya kuma tana cikin manyan wuraren nomanta. Kamfanin SONARA, da aka kafa a 1962, shi ke fitar da ita. Manoma da yawa suka dogara gare ta. Sai ga farin 1973, sai kuma a 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta lalata gonakin gyaɗa. Wanda ke da gero a rumbu da awaki a turke ya sami abin dafawa. Wanda gyaɗa kaɗai ya sani ya sha wuya.

Kada a bi mai alkawarin riba mai yawa cikin ɗan lokaci. A shekarar 2016 wani tsari mai suna MMM ya bazu a Nijeriya ta intanet. Ya yi alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 a wata guda. Ba ya noma, ba ya kiwo, ba ya sayar da komai. Kuɗin sababbin shiga yake ba na farko. A watan Disamba na shekarar ya tsai da biya, mutane masu yawa suka rasa kuɗinsu. Irinsa suna sake fitowa da sababbin sunaye. Tambaya guda ta isa gane su: daga ina ribar ke fitowa? In ba a sami amsar da yaro zai fahimta ba, sai a riƙe kuɗi a aljihu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kada a yi jari da kuɗin abinci, ko kuɗin iri, ko kuɗin da aka ranto ba tare da sanin hanyar biya ba. Ɗan makaranta kuma kada ya bar aji saboda kiwo ko talla. Karatu da lissafin da yake koyo su ne za su hana a cuce shi a kasuwa.

Abin riƙewa

Mai fara tattali yana tsai da abin da zai iya zubawa kowane wata, ko dala ashirin ce, ba ya fasawa.
Yana cire zubin ranar da kuɗi suka shigo, kafin ya sayi wani abu.
Yana barin ɗan abu a kwance don ranar buƙata.
Yana fara jari da abin da ya sani, da shawarar iyayensa.
Yana raba jarinsa gida biyu ko uku.
Yana rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu.
Yana mai da riba cikin jari.

Ma'anar kalmomi

Zubi: kuɗin da ake bayarwa a kai a kai cikin adashe ko asusu.
Jari: dukiyar da aka sa cikin sana'a don ta kawo ƙari.
La'ada: ladan da ake ba dillali.
Harawa: busasshen ganyen wake ko na gyaɗa da ake ba dabbobi.
Gayauna: ƴar gonar da maigida ke ba ɗa ko mata, amfaninta nasu ne.
Tiya: ƙwaryar awon hatsi a kasuwa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ajiya da jari?
2. Me ya sami masu riƙe da naira a watan Afrilu na 1984?
3. Adashe ba ya ƙara kuɗi. To, don me mutane ke yinsa?
4. A wace shekara, kuma a wace jiha, aka fara Mata Masu Dubara?
5. Don me akwatin ƙungiya yake da kwaɗo uku?
6. Yaya buhu mai ciki uku yake kashe ƙwarin wake?
7. Wane darasi ke cikin labarin gyaɗar Magarya?

Lissafi

1. Wani yaro yana zuba dala hamsin kowane wata. Tamma nawa zai tara a shekara biyu?
2. Mata 25 suna zuba dala ashirin kowane mako. Jikka nawa ke cikin akwati bayan mako 40, in ba a ba da rance ba?
3. Wata mata ta sayi tiya 20 ta wake a kan tamma 450 kowace tiya. Ta sayi buhu tamma 1.200. Ta sayar da kowace tiya tamma 700. Nawa ce ribarta? In tiya ta tsaya a tamma 480, riba ta ci ko asara ta yi?
4. Ku ci gaba da lissafin kashi na 8 har shekara ta 7.

Aiki

Ku tambayi wata tsohuwa a gidanku yadda ake adashe a zamanin ƙuruciyarta. Ku rubuta abin da ta faɗa cikin layi goma.

Ranar kasuwar garinku, ku tambayi kuɗin tiyar gero, tiyar wake da budurwar kaza. Ku rubuta a bayan littafinku tare da kwanan wata. Ku riƙa yin haka sau ɗaya kowane wata har ƙarshen shekarar karatu, sannan ku kawo wa malam a gwada a allo.